Filodandiron baƙo ne: mu san halinsa kafin mu ba shi masauki

 A wannan fili mun saba zancen hatsi da wake, da albasa, da zazzaɓin cizon sauro. Yau kuwa za mu tattauna a kan wani tsiro da ba a ci, ba a sha, ba a kuma ba dabba, amma ya soma samun wurin zama a gidajenmu. Wanda ya bi ta wajen masu renon furanni a bakin titunan Yamai, ko ya shiga ofisoshi da wasu gidaje a Maraɗi, Damagaram da Tawa, zai gan shi cikin tukunya: ganye kore shar, mai sheƙi, mai kama da ganyen dankali, yana yaɗo ko yana hawan sanda. Da yawa daga masu sayensa "fure" kawai suke ce masa. Sunansa filodandiron.

A kan wannan tsiro jama'a sun kasu biyu. Wasu na cewa ɓarnar ruwa ce, kuma aikin masu abin hannu ne, a ƙasar da mata ke kai da kawowa tsakanin gida da rijiya. Wasu kuma da sun ga ya yi musu kyau sai su saya, ba su tambayi sunansa ba, balle halinsa, su aje shi a ƙasa inda yara ke rarrafe. Mu ra'ayinmu shi ne, ba laifi mutum ya ƙawata gidansa da shi, amma da sharaɗi. Baƙo ne daga ƙasa mai nisa, yana da buƙatunsa, yana kuma da cutarsa. Wanda ba zai koyi waɗannan abubuwa biyu ba, gara ya bar shi wurin mai saidawa.

Daga ina ya fito?

Asalin filodandiron dazuzzukan nahiyar Amurka ne masu zafi da yawan ruwan sama, tun daga Meziko, da tsibiran Karibiyan, har zuwa Birazil. Irinsa ya wuce 400. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Heinrich Schott, wanda ya yi shekaru yana tara tsirrai a Birazil, shi ya raɗa masa wannan suna a 1829. Sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa "mai son itace", domin a can daji yakan kama jikin babban itace da ƴan saiwoyin da ke fita daga gaɓoɓinsa, ya yi ta hawa yana neman haske.

Mu tsaya mu auna wannan daji da ƙasarmu. Can ruwan sama yakan wuce milimita 2000 a shekara, iska na da laima kullum, manyan itatuwa sun yi wa ƙasa rumfa, rana ba ta saukowa sai ɗigo-ɗigo. Ƙasar wurin kuwa ruɓaɓɓen ganye ne, ruwa na ratsa shi ya wuce. Nan Maraɗi ko Damagaram, in damina ta ba da milimita 500 sai mu yi godiya. A watan Afirilu da Mayu zafi na haura digiri 40, a hunturu kuma iska na bushewa har leɓe ya tsage. Wanda ya riƙe wannan bambanci a ransa ya san rabin renon filodandiron. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, ƙoƙari ne na yi masa ɗan ƙaramin dajinsu cikin tukunya.

Danginsa na gida

Ko da yake baƙo ne, yana da dangi a wurinmu. Masana sun sa shi gida ɗaya da gwaza, da kuma kainuwa da ke yawo bisa tafki. Duk wanda ya taɓa cin gwazar da ba ta dahu sosai ba ya san ƙaiƙayin da take sawa a maƙogwaro. Abin da ke kawo wannan ƙaiƙayi wasu ƴan allurai ne ƙanana da ido ba ya gani, na wani gishiri da ake kira kalsiyom okzalat. Suna cikin ganye da kara da saiwa. Da an tauna sai su soki harshe da dasashi da maƙogwaro.

Filodandiron yana ɗauke da irin waɗannan allurai a duk jikinsa. Gwaza abinci ce da kakanni suka san yadda ake dafa ta har ta ciwu. Filodandiron kuwa ba abinci ba ne, ɗanye ko dafaffe, kuma ba magani ba ne. Kada kowa ya ga kamarsa da ganyen dankali ya ce zai gwada shi a miya ko a kwaɗo.

Akwai wasu tsirrai biyu na ado da ake saidawa tare da shi, su ma danginsa ne. Ɗaya shi ne potos, mai yaɗo kamarsa, sai dai ganyensa ya fi kauri, kuma sau da yawa yana da rodi-rodin rawaya. Ɗayan shi ne difenbakiya, mai tsayuwa bisa kara, da manyan ganyaye masu farin zane. Wannan ya ma fi su zafi a baki. Gargaɗinmu ya shafi su duka uku.

Kyan ɗan maciji

Babba ba zai tauna ganyen ado ba. Wanda muke ji wa tsoro shi ne yaro mai rarrafe ko mai tatata, wanda duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Haka ɗan akuya, da kyanwa, da zomo. Yaron da ya tauna ganyen zai fashe da kuka nan take, bakinsa na zafi, yawu na dalala. Galibi abin yakan tsaya nan, ya wuce cikin ƴan awoyi, domin zafin kan sa yaro ya tofar tun bai haɗiye da yawa ba. Amma wani lokaci leɓe da harshe kan kumbura, kuma in kumburin ya kai maƙogwaro yana iya tsare numfashi. Ruwan karan kuma yana sa wasu ƙaiƙayin fata, in ya shiga ido yana da raɗaɗi ƙwarai.

Saboda haka sharaɗin farko ba ya da sassauci: gidan da ke da ƙananan yara, a rataye tukunyar sama da ragaya, ko a ɗora ta bisa wurin da yaro ba zai kai ba ko ya taka kujera. A riƙa naɗe rassan da suka sauko. Ganyen da ya faɗi, da wanda aka datse, a kwashe nan da nan, kada a zuba shi inda awaki ke kiwo. Wanda ya datse shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.

In tsautsayi ya faru, ga abin yi:

1. A cire sauran ganyen daga bakin yaro, a goge bakin da tsumma mai tsabta da aka jiƙa.
2. A kuskure masa baki da ruwa mai tsabta, a ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya.
3. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a yi masa ɗuren manja ko ruwan gishiri. Amai na sake bi da allurai ta maƙogwaro, ɗure kuma na iya shaƙe yaro.
4. In ruwan karan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15.
5. In an ga harshe ko leɓe na kumbura, ko muryarsa ta sake, ko ya kasa haɗiya, ko numfashi na yi masa wuya, a garzaya da shi gidan likita ba tare da jiran komai ba. A tafi da ganye ɗaya domin ma'aikacin lafiya ya ga abin da aka ci.

Masaukin da ya dace da shi

Filodandiron na son haske, amma ba ya jure rana kai tsaye. Ranar tsakar bazara takan ƙone ganyensa cikin yini guda, ya yi tabo-tabo kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa. Wurin da ya fi masa shi ne baranda mai kallon gabas ko arewa, ko cikin ɗaki kusa da taga, ko ƙarƙashin inuwar dogon yaro ko mangwaro. Ga ma'auni mai sauƙi: wurin da mutum zai iya karanta jarida da rana ba tare da fitila ba, kuma rana ba ta dukan takardar, ya yi. In duhu ya yi yawa, za a ga kara na tsawo siriri, ganye na ƙanƙancewa, tazarar da ke tsakanin ganyaye na ƙaruwa.

Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 30. Don haka a bazara kada a rataye shi dab da rufin kwano, kada kuma a jingina shi da bangon siminti da rana ta gasa. A daren Disamba da Janairu, sa'ad da sanyi ke sauka wajen digiri 12 ko 13, a shigo da shi ciki, a kare shi daga iskar gabas.

Tukunya da ƙasa

Ba sai an sayi tukunyar waje ba. Tukunyar ƙasa irin ta maginan Mirriya ko ta Bubon ta fi ta roba, domin tana numfashi, tana kuma sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Abu ɗaya ne wajibi: a huda gindinta. Tukunyar da ba ta da huda kabarin tsiro ce. Kada kuma ta yi girma fiye da kima, gama ƙasa mai yawa na riƙe ruwan da ƴar saiwa ba za ta iya shanyewa ba.

Laka da ƙasar fadama ba su dace ba, suna cushewa su hana saiwa iska. A haɗa kashi ɗaya na rairayi mai tsabta, kashi ɗaya na taki da ya ruɓe sarai har ya koma baƙar ƙasa marar wari, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye ko ruɓaɓɓen ɓawon gujiya. A ƙara ɗan dakakken gawayi. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, busasshen kara da bai ruɓe ba kuma yana gayyato gara. Bayan shekara ɗaya ko biyu, in an ga saiwa na leƙowa ta huda, a sake masa tukunya mai ɗan fi girma, da sabuwar ƙasa. A damina a barbaɗa masa ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu sau ɗaya a wata. Wannan ya ishe shi.

In ana son ganye ya yi faɗi, a kafa sanda a tsakiyar tukunya, a naɗe ta da tsohon buhun algarara, a ɗaura karan a jiki da zare sako-sako. In ana jiƙa buhun, saiwoyin gaɓa za su kama shi kamar yadda suke kama itace a daji.

Ban ruwa

A nan ne yawancin masu reno ke kashe shi, kuma da yawan ruwa suke kashe shi, ba da ƙishi ba. Mun saba da garka, inda ake ba salati da tumatir ruwa safe da marece, sai mu ɗauka kowane tsiro haka yake so. Saiwar filodandiron in ta kwana cikin caɓi kwana da kwanaki sai ta ruɓe. Ganye ya yi rawaya ya yi laushi, mai shi ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi.

Ma'aunin yana hannunka. Ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ka bari sai gobe. In ka ji ta bushe, ka zuba ruwa a hankali har ya fito ta huda. A bazara hakan na iya zama kullum ko bayan kwana biyu; a damina da lokacin sanyi yana iya kai kwana biyar ko mako guda. Kada a bi kalanda, a bi ƙasa.

Ruwan sama ya fi kowane ruwa. Ruwan alwala da ruwan ɗauraye ganyen miya su ma sun yi. Amma ruwan wanki mai sabulu ko omo, da ruwan da ke da gishiri ko mai, ba su yi ba. Inda ruwan rijiya ke da kanwa-kanwa, za a ga farin gari na taruwa bisa ƙasa da bakin tukunya, bakin ganye na ƙonewa. Maganinsa shi ne a kankare farin, sa'an nan a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya a wata ya wanke ƙasar ya fita.

A hunturu ƙura kan rufe ganye, ta hana shi cin haske. A riƙa share shi da jiƙaƙƙen tsumma mako-mako, sama da ƙasa. In tukwanen suna da yawa a tara su wuri ɗaya, suna taimakon juna da laima.

Kada tukunyar ado ta zama gidan sauro

Wannan shi ne sharaɗi na biyu. Mutane kan sa faranti ƙarƙashin tukunya don kada ruwa ya ɓata daɓe, wasu kuma kan bar reshe cikin kwalbar ruwa wata da watanni. Akwai wani sauro mai zanen fari da baƙi, mai cizo da rana, wanda ya fi son irin wannan ɗan ruwa mai tsabta da ke kwance cikin gida. Shi ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 zuwa 10 kawai yake buƙata a lokacin zafi. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun sha fama da annobar dengi a 2023, ta kashe ɗaruruwan mutane. Don haka bayan kowane ban ruwa a zubar da abin da ya taru a faranti, ko a cika farantin da rairayi. Ruwan kwalba kuma a sake shi bayan kwana biyu ko uku, a cuɗe cikin kwalbar, domin ƙwan na mannewa a jikinta.

Ƙwari

Ƙwari biyu ne suka fi damunsa. Akwai wani farin ƙwaro mai kama da ɗigon kaɗa da ke ɓuya a hammatar ganye, akwai kuma ɗan jan gizon nan da masu noman tumatir suka sani, wanda ke yawaita in iska ta bushe. A goge su da tsumma da ruwan sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye, ko a fesa ruwan dakakkun ƴaƴan dogon yaro da aka jiƙa kwana ɗaya aka tace. A maimaita bayan mako guda. Muna roƙo da babbar murya: kada a ɗauko maganin feshin wake ko piya-piya a fesa wa tsiron da ke cikin ɗakin da ake kwana. Ganyen ado bai kai a saka lafiyar iyali cikin haɗari dominsa ba.

Yadda ake ƙara shi

Ba sai an sake saye ba. A yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa biyu ko uku, a yanka dab da ƙarƙashin gaɓa, domin daga nan saiwa ke fita. A cire ganyen ƙasa, a tsoma gaɓar cikin ruwa ko a binne ta cikin ƙasa mai danshi a inuwa. Cikin mako biyu zuwa huɗu saiwa za ta fito. Farkon damina, Yuni da Yuli, shi ne lokacin da ya fi kamawa. Datse kan reshe kuma na sa uwar ta yi rassa ta cika.

Zancen tsabtace iska

Za ku ji ana cewa filodandiron na tsabtace iskar ɗaki. Zancen yana da tushe. A 1989 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wasu tsirran ado, har da filodandiron, ta ga suna rage wasu gurɓatattun iskoki. Amma cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi gwajin. A 2019 masu bincike biyu na jami'ar Drexel ta Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka lissafa cewa sai an jera tsiro 10 zuwa 1000 a kowane murabba'in mita na ɗaki kafin su yi aikin da shigar iska da fitarta ke yi. Ke nan buɗe taga ya fi tukunya ɗari.

Mun kawo wannan ne don wani dalili mai nauyi. A lokacin sanyi akan shiga da garwashin gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci. Babu wani ganye da zai tsare ka daga wannan. A fitar da wuta waje kafin a kwanta. Haka kuma masu tsoron cewa tsiro na shanye iskar mai barci da dare su kwantar da hankali: abin da tukunya ɗaya ke sha bai kai na kyanwa ba.

Ga masu cewa ɓarnar ruwa ce

Maganarsu tana da hujja, ba ma raina ta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan da ke sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, in ruwan tsiro ɗaya ne ya rage, to zogale ya fi cancanta, domin shi zai shiga tukunyar miya. Kuma ba tukunyar ado ce za ta tare hamada ba. Wannan aikin gawo ne da kalgo da sabara, waɗanda manoman Maraɗi da Damagaram suka raya cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani tun daga shekarun 1980, har aka ƙiyasta fili ya kai kadada miliyan 5. A ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, itacen inuwa da na abinci ya kamata mu dasa.

Amma tukunya ɗaya matsakaiciya, a inuwa, abin da take sha a mako bai cika bokiti ba, kuma ruwan da za a zubar ma ya ishe ta. Son kyan wuri ba na mai kuɗi kaɗai ba ne. Matar da ke jera kwanoni da tasoshi a ɗakinta, da maginin da ke zana gaban gida a Birnin Damagaram, duk abu ɗaya suke nema. Ga samari kuma sana'a ce: tsiron da ake ƙara shi da reshe, cikin tukunyar gida da takin gida, jarinsa kaɗan ne.

Kiranmu

Ga masu saidawa: ku san sunan abin da kuke saidawa, ku kuma gaya wa mai saye cewa ba a kai shi baki. Ku tambaye shi ko akwai ƙananan yara a gidan. Wannan ba zai rage muku ciniki ba, sai dai ya ƙara muku amana. Ga masu saye: matambayi ba ya ɓata. Ga shugabannin makarantun ƙananan yara da gidajen likita: ku zagaya ku duba tukwanen da ke harabarku, wanda yaro zai iya kaiwa a ɗaga shi ko a fitar da shi.

Inuwa mai haske, tukunya mai huda, ruwa sai ƙasa ta nema, faranti a bushe, ganye nesa da bakin yaro. Wanda ya kiyaye waɗannan biyar zai daɗe yana jin daɗin baƙonsa. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya dasa zogale, ba wanda zai zarge shi. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana ƴaƴanmu, ya ba mu damina mai albarka.